Bayani Na Takwas

Litinin, 4 ga Maris, 1985, bayan la'asar

An tsayar da makin takardar Hausa. Muna tsakiyar aiki a ofishin shiyya, mu goma sha ɗaya, kowa ya duƙufa da jan bironsa, sai ga umarni daga sama: kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, kada a fita da ko falle ɗaya. Ba wanda ya ce mana ga dalili. Sai da muka fito inda muke ajiye babura wani ya raɗa mini cewa a kan tambaya ta uku ne. Tambaya ta uku kuwa tawa ce.

Shekarata tara ina koyar da Hausa a sakandare, sai bana aka ga dama aka sa ni cikin masu tsara jarrabawar gwaji, wadda 'yan aji biyar na duk shiyyar Zariya suke yi a rana guda don share fagen babbar jarrabawa. Ranar da takardar gayyata ta zo na yi ta yawo da ita a aljihu kamar wanda aka ba sarauta, har matata Sakinatu ta ce in ba so nake ta yage ba in ajiye ta. Tambayar kuwa na ji daɗinta. Bayanai bakwai na jera game da ganuwar birni, na ce ɗalibi ya zaɓi uku da suke nuna cewa gyaran ganuwa aikin gayya ne na duk gari, ya gina sakin layi a kansu. Sauran huɗun ba ƙarya a ciki, tsayinta ne da kaurinta da ƙofofinta da irin ƙasar da aka yi ta da ita, amma ba su amsa abin da aka tambaya ba. Tarko ne na malalata masu kwashe duk abin da suka gani su zuba. A kan wannan nake kashe muryata kullum a aji: ba kowace gaskiya ce hujja ba, ɗauki wadda aka tambaye ka, ka bar saura.

Ina da littafin aiki mai baƙin bango da nake rubuta komai a ciki. Yau ban so buɗe shi ba, shi ya sa na tsaya a Ƙofar Doka na sayi wannan.

Talata, 5 ga Maris, da hantsi

Ban iya shan kokon ba. Na ce wa Sakinatu zafin gari ne.

Laraba, 6 ga Maris, bayan magariba

Kwamiti ya zo daga Kaduna, mutum uku. Ciyaman wani Alhaji Labaran ne, mai irin fara'ar nan da ba ta kwantar wa mutum da hankali. Akwai sakatare mai rubutu. Sai wani sufeton 'yan sanda da bai ce uffan ba tun shigata har fitata, sakace kawai yake yi da tsinken ashana.

Suka baje mini takardun amsa arba'in da uku daga makaranta guda. Duka sun zaɓi ukun da ake so. Wannan kaɗai ba abin mamaki ba ne, da ɗalibaina ne ma haka zan so. Amma jimlolin iri ɗaya ne sak. Kuma kowannensu, a ƙarshen sakin layin, ya ƙara wani abu da babu shi a takardar tambaya: wai a da, duk gidan da bai fito aikin ganuwa ba, sai a kai kwandon ƙasa a ajiye masa a ƙofar zaure, ya wuni a nan kowa ya gani.

Alhaji Labaran ya ce, "Malam Ja'afaru, ka ga wani abu?"

Na ce, "Na ga an ba su amsa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Mu ma abin da muka gani ke nan. Saura mu ga wanda ya ba su."

Sau arba'in da uku na karanta maganar kwandon nan. Na san inda na ji ta, amma ba yau zan rubuta ba.

Alhamis, 7 ga Maris, da azahar

Sun kira Malam Mika'ilu, mai buga tafireta na ofishin shiyya. Shi ya buga takardar a sitansil, fallen nan da ake fitar da kwafi da shi, shi ya murza ta a inji, a ɗakin da ake kulle shi ciki tun safe har ya gama. Mutumin Kusfa ne, shekararsa ashirin da uku a kan kujerar nan. Tafiretarsa ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, saboda haka in ya gama bugu sai ya bi sitansil da allura yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa shi. In ka manta fil ɗin takarda a teburinsa sai ya biyo ka da shi har baranda.

Amma ɗansa yana cikin arba'in da ukun nan. Ofis gaba ɗaya ya gama yanke masa hukunci tun kafin shayin ƙarfe goma.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

To, bari in rubuta, ko na samu in yi numfashi.

A gidanmu na Kwarbai rubutu ba ya fita sai an karanta wa Baba. Haka muka taso muka tarar, haka shi ma ya yi wa mahaifinsa. Wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, har kundin da na rubuta a Samaru na gama digiri, sai da na zauna a zaure sati biyu ina karanta masa, yana tsayar da ni yana gyarawa. Yanzu idonsa ya tafi, kunnen kuwa sai abin da ya ƙaru. Ga shi rabin bayanan ganuwar nan daga bakinsa na samo su. Ta yaya zan kai maganarsa gaban dubban ɗalibai shi bai ji ba?

Na sa hannu a takardar alkawari cewa ba zan nuna wa kowa ba. Na karanta ta sarai, ba zan ce ban gane ba. Amma wallahi a raina Baba ba ya cikin kowa.

Har dabara na yi, ni mai wayo. Na zaɓi Alhamis, 17 ga Janairu, tunda Baba ba ya ba da karatu ran Alhamis, zaure ba ɗalibai. Na shiga na tarar da Ya'u, ɗan ƙanin Baba, zaune a lungu ya kwance bayan rediyon Baba yana gyarawa. Na gan shi da idona. Ban ce ya fita ba, don ba a korar ɗan gida daga zauren gidansu, kuma ban tuna cewa yana koyar da darasin yamma ga masu shirin jarrabawa ba. Ko na tuna na kawar da kai, Allah ne masani.

Na karanta bakwai ɗin, Baba ya gyara mini biyu. Sannan ya yi dariya ya ce na bar mai daɗin, ya ba ni labarin kwandon ƙasa yadda kakansa ya ba shi. Na rubuta a baƙin littafi na sa masa lamba takwas. Da na koma ɗaki na ga zai sa tambayar ta yi arha, sai na cire shi. Bai taɓa shiga ambulan ba, bai taɓa zuwa gaban tafiretar Malam Mika'ilu ba. Mutum uku ne muka ji bayani na takwas, ni da Baba da mai gyaran rediyo.

Asabar, 9 ga Maris, da la'asar

Na tare Ya'u a bakin masallacin unguwa na ja shi gefe.

Ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Kwandon ƙasa."

Ya yi tsuru-tsuru, sannan ya yi ta maza. "Haba Yaya, tarihin ganuwa ai na kowa ne. Ka ce mini sirri ne? Ka ce in fita? Ɗalibai huɗu kawai na yi wa misali da shi, don su ga yadda ake zaɓen hujja. Ina na san za su koma makaranta su yi ta rabawa?"

Na ce, "Ka san mutum zai iya tafiya gidan yari a kan misalin nan naka?"

Ya ce, "To ai ba ni na sa hannu a takardar gwamnati ba."

Na so in kwaɗa masa mari, sai na ga masu alwala sun zuba mana ido. Abin da ya fi ƙona mini rai, ɗan banzan bai yi ƙarya ba.

Lahadi, 10 ga Maris, da safe

Ya'u ya tafi Funtuwa, wai gaishe da kawunsa. Ya'un da ko da sallah sai an tuna masa yana da kawu.

Talata, 12 ga Maris, da hantsi

Ɗakin malamai ya koma kotu. Kowa ya zama lauya a kan dokar nan ta soja ta bara, mai shekara ashirin da ɗaya ga wanda aka kama da fitar da jarrabawa. Wasu sun ce ba ta hau kan jarrabawar gwaji ba. Wasu sun ce soja ba ruwansu da gwaji, in ba haka ba me sufeto yake yi a kwamiti? Malamin lissafi har ya ɗauki alli ya fitar mana da shekarun Malam Mika'ilu ranar da zai fito: saba'in da biyu. Aka yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora don kada a ga ban buɗe ba.

An tambayi ɗaliban, sun ce takarda ce ta rubutun hannu ta yi ta yawo a ɗakin kwana, ba wanda ya san asalinta. Ɗan Malam Mika'ilu ya rantse ba daga gida ya samo ba, ba wanda ya saurare shi.

Laraba, 13 ga Maris, bayan la'asar

Alhaji Labaran ya sake kirana, har da sawa a kawo mini lemo.

Ya ce, "An ce kai mutum ne mai rubuta komai, Malam Ja'afaru. Mun ji daɗin haka. Muna son bayani a rubuce, da shafukan littafinka da suka goyi bayansa. Amma ba tarihi muke so ba, ka ga fayil ya riga ya yi kauri. Tambayarmu ɗaya ce: yaushe takardar ta bar hannunka, hannun wa ta shiga? Zaɓo abin da ya amsa wannan, ka bar saura. Ai sana'arka ce."

Sufeto ya canza tsinke.

A baranda na tarar da Malam Mika'ilu zaune a benci, hularsa a gwiwa. An dakatar da shi, kullum da safe sai ya je caji ofis ya sa hannu, sannan ya zo nan ya yi ta jira. Ya miƙe ya gaishe ni kamar kullum.

Ya ce, "Malam Ja'afaru, ni fa abu ɗaya nake ta gaya musu. Maganar kwandon nan ban taɓa buga ta ba. Su duba sitansil, babu ita. In daga wurina ta fita, ina yaran suka samo abin da ni ban gani ba? Sai ciyaman ya ce wanda na ba ne ya ƙara gishiri." Ya dube ni. "Kai ka taɓa jin ta?"

Na ce, "Allah zai bayyana gaskiya, Malam Mika'ilu."

Ya ce amin, har da shafawa.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan asuba

Na buɗe baƙin littafi. Wuri shida na ambaci tambaya ta uku, na jera su kamar yadda nake koya wa ɗalibai. Ranar 14 ga Janairu na gama tsara ta. Ranar 21 na sa ta a ambulan na liƙe, na sa hannu a kan liƙin. Ranar 22 na miƙa wa Malam Mika'ilu, ya sa hannu ya karɓa. Waɗannan ukun sun amsa. Biyu shirme ne, a ɗaya ina ƙorafin biro yana zubar da tawada, a ɗaya ina yabon kaina. Saura shafin 17 ga Janairu, ga lamba takwas a ƙasansa, ga rubutuna a gefe: Baba ya gyara, Ya'u yana nan.

An tambaye ni yaushe takardar ta bar hannuna. Ranar 17 ba ta bar hannuna ba, tana hannuna ina karantawa. Shafin gaskiya ne, amma ba shi aka tambaya ba. Haka na gaya wa kaina, da irin muryar da nake yi a gaban allo.

Bayanin ya ci shafi ɗaya da rabi, ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Da ɗalibi ne ya kawo mini shi da na ba shi goma bisa goma. Anjima zan biya Tudun Wada a ɗaukar mini hoton shafukan uku.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Sakinatu ta shigo da tuwo ta same ni ina liƙe ambulan.

Ta ce, "Baban Uwa," haka take kirana, da sunan 'yarmu, "ka karanta wa Baba?"

Na ce, "Wannan ta ofis ce."

Ta ce, "Waccan ma ai ta ofis ce."

Ban taɓa gaya mata komai ba. Ashe ranar da na karanta wa Baba tambayar tana jiyo mu daga tsakar gida, kuma mace ce da ba a yi mata bayani sau biyu. Na daka mata tsawa na ce ta tsaya a kan tukunyarta. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa gaya mata irin wannan ba. Ta ajiye kwanon a hankali ta fita.

Wannan ce takarda ta farko da za ta fita daga gidan nan Baba bai ji ta ba.

Juma'a, 15 ga Maris, da hantsi

Na miƙa. Alhaji Labaran ya karanta a tsaye ya ce, "Madalla, ka rage mana aiki."

Litinin, 18 ga Maris, bayan an tashi makaranta

'Yan aji biyar sun roƙi mu yi bitar zaɓen hujja, tunda babbar jarrabawa ta matso. Na rubuta musu bayanai a allo game da marina, na juyo zan faɗi abin da na saba faɗa, sai na kasa faɗarsa. Da suka ga na yi shiru suka ɗauka wasa nake, ajin gaba ɗaya ya ɗauka da waƙa: "Ba kowace gaskiya ce hujja ba, ɗauki wadda aka tambaye ka, ka bar saura!" Suna dariya, suna buga tebur. Na ce kowa ya yi aikin shi kaɗai, na fita na tsaya a inuwar dalbejiya har aka buga ƙararrawa.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Da aka tashi ban nufi gida ba, na hau babur na miƙe har gindin dutsen Kufena, ba don komai ba. Duwatsun sun ɗauki zafi, ko zama ba ya yiwuwa, sai na tsuguna ina kallon gari.

Na jera wa kaina dalilai. Baba ya haura tamanin, bai taɓa taka ofishin gwamnati ba, ba zan sa a rubuta sunansa a fayil ɗin 'yan sanda ba. Gidan malamai ne, in maganar ta fita ba a Kwarbai za ta tsaya ba. Ga Uwa da ƙannenta biyu. Kuma wataƙila kora kawai za a yi wa Malam Mika'ilu, wataƙila ma a sake shi don ba shaida. Dalilan duk suna da kyau, ni na tsara su ai.

Amma littafin nan ba mai makinsa, bari in faɗa. Tsoro nake ji. Ba don Baba ba ne, kaina nake ji wa.

Juma'a, 22 ga Maris, da azahar

Zafi. An ce kwamiti yana rubuta rahoto.

Litinin, 25 ga Maris, bayan magariba

An gama. Ran Talata ta sama za a kai Malam Mika'ilu Kaduna da fayil ɗinsa. An ce shafukana uku ne a sama.

Sakinatu ta je Kusfa jaje ba ta tambaye ni ba. Da ta dawo ta ce wa Uwa, ba ni ba, matar gidan ta sa an ɗinka wa mijinta riguna biyu masu kauri, wai an ce can akwai sanyin siminti. Kwana goma sha ɗaya ke nan tsakanina da ita sai ga ruwa, ga abinci.

Alhamis, 28 ga Maris, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Ina zaure ina yanke wa Baba farce na ji sallama. Malam Mika'ilu ne. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shigo ya durƙusa. Ina yaro ya yi karatu a zauren nan, Baba ne ma ya raɗa wa 'ya'yansa biyu suna. Mu kuwa duk mun ɓoye wa Baba maganar, yadda ake ɓoye wa tsoho abin tashin hankali.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, addu'a na zo nema. Ran Talata za a kai ni Kaduna."

Baba ya ce, "Subhanallahi. Me ka yi, Mika'ilu?"

"An ce na fitar da tambayar jarrabawa. Wata tambaya ce a kan ganuwa."

Na ga fuskar Baba ta washe. Na matse ɗan yatsansa da ƙarfi, ya ɗauka reza ce ta zame mini.

Ya ce, "Ta ganuwa? Ai na san ta! Ta Ja'afaru ce, nan ya zauna ya karanta mini ita, daidai inda kake ɗin nan. Har wuri biyu na gyara masa. Kai Ja'afaru, ka kuwa sa maganar kwandon ƙasar nan da na ba ka? Ita ce mai daɗin, har Ya'u sai da ya ce in maimaita."

Ba wanda ya yi magana. Ina jiyo daka daga gidan maƙwabta. Malam Mika'ilu ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ni ya duba. Da fushi na gani a idonsa da na fi samun sauƙi. Kallo ne irin wanda yake yi wa sitansil in yana neman harafin da ya tsallake.

Baba ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya fitar da mai gaskiya, ya tona asirin wanda ya cuce shi. Na ce amin. Me zan ce?

Na raka shi waje. Sai da muka wuce gida uku ya tsaya.

Ya ce, "Malam Ja'afaru, ranar nan a baranda na tambaye ka."

Ya juyo ya fuskance ni.

"Ba zan kira sunan Malam a gaban ɗan sanda ba. Bakina ba zai iya ba, ko shekara nawa ce. Ko na faɗa ma, wa zai yarda da ni ba takarda? Kai ne mai rubuta komai." Ya gyara zaman hularsa. "Koma, ka bar wa tsoho farce rabi."

Juma'a, 29 ga Maris, da azahar

Ban je aiki ba, ban raka Baba masallaci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 30 ga Maris, da la'asar

Na ɗauko baƙin littafi na nufi murhu da shi. Sakinatu tana tsugune tana iza wuta, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wutar nan ta abinci ce, Baban Uwa." Na tsaya a kanta kamar sakarai, sannan na mayar da shi ɗaki.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan asuba

Muna dawowa daga masallaci, hannunsa a kafaɗata, Baba ya tsaya a tsakiyar lungu.

Ya ce, "Ja'afaru, ido ne kawai ba ni da shi. Shirun da kuka yi ran Alhamis, kwana uku ina sauraronsa. Faɗa mini."

Na faɗa masa duka a tsaye, har takardar alkawari, har Ya'u, har shafuka ukun da na zaɓa. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Wato abin da ka kai musu ba ƙarya a ciki."

"Babu, Baba."

"Kuma da shi za a ɗaure mutum."



Ya ce, "Ni ban san dokarku ta boko ba. Amma da ka ce mini amana ce, da na toshe kunnena, al'adar gida ta jira. Ba ka ce ba. To, in sun tambayi wanda ka karanta wa, ka faɗi sunana cikakke, Nasidi ɗan Mamman na Kwarbai. In suna son ganina su zo, zaure a buɗe yake."

Na ce, "Baba, shekara ashirin da ɗaya fa ake cewa."

Ya ce, "Na ji. Ba za ka tarar da ni ba ke nan." Hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata. "Mu je, rana za ta fito."

Na yi kuka a lungun nan, bai hana ni ba. Gobe da sassafe zan kai musu littafin gaba ɗaya, kwana ɗaya kafin Talata.

Litinin, 1 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a tashar motar Kaduna

Ƙarfe takwas ina ofishin shiyya. Benci ba kowa. Ɗakin kwamiti an share shi, an jera kujeru a kan tebur. Akawu ya ce ai tun ranar Asabar da safe aka wuce da Malam Mika'ilu, daga caji ofis ma aka sa shi a mota, ko gida bai koma ba.

Na ce, "Ba Talata aka ce ba?"

Ya ce, "An canza." Ya dubi littafin da ke hannuna, ya dube ni. Ya rubuta mini sunan ofishin da zan tambaya a Kaduna a guntuwar takarda, ya miƙo mini ta ƙarƙashin fayil. "Malam Ja'afaru, da ni ne da na koma aji."

Da ranar Juma'a na zo, da na same su duka a ɗakin nan, da mutumin ya kwana a gidansa. Ina kwance ina ciwon kan ƙarya. Wannan ba Ya'u ba ne, ba ciyaman ba ne, ni ne.

Na bar babur a wurin mai faci, na ce a kai gida in an ga yamma ta yi. Ban san wa zan samu a Kaduna ba, ban san ko za a saurare ni ba, ko a saurare ni a riƙe mu mu biyu. Littafin yana cikin rigata, ba shafin da na cire.

Yanzu na buɗe jaka neman biro, sai na ga riga biyu a naɗe, da sabulu, da asuwaki, da ɗan bargon da Uwa take rufa da shi. Ni dai ce wa Sakinatu na yi ofis zan je in dawo.

Ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya mota ta cika.